Baba Ya Fara Goge Gidan

Jepara, tsakiyar Rajab

Zuwa ga Yaya Harjito,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Salasiah da yara. Mu nan ruwa ake ta yi, katako ya ƙi bushewa, amma lafiya lau, in ban da Baba.

Bayan haka, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Mantuwar da na faɗa maka bara ta yi nisa. Yanzu bai san ni ba. Wani lokaci ni ce marigayiya Inna, wani lokaci kuma wata mai saye ce da ta zo jiran kujerunta. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, Baba ya fara goge gidan.

Ka san shagon a rufe yake tun da ya bar aiki. To, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko pasah ɗinsa na gogar katako, wanda ya sassaƙa da hannunsa tun ba a haife mu ba. Da bai sami katako ba, sai ya ciro ƙofar kicin ya kwantar a kan benci. Na ce, "Baba, ƙofar fa lafiyarta ƙalau." Ya ce, "Hajiya, koma ki zauna, aikinki bai ƙare ba." Yau in rana ta fito, ta jikin ƙofar nan ake ganin haskenta. Teburin cin abinci ma ya rame. Jiya na same shi yana shafa ginshiƙin tsakar gida yana gyaɗa kai.

Na ɓoye pasah ɗin a buhun shinkafa. Ranar bai ci komai ba. Washegari ya fita nemansa, masunta suka tsinto shi a bakin teku da takalmi ƙafa ɗaya. Dole na mayar masa, ga ƙarfen ma ya kusa ƙarewa don wasawa.

Maigidana Sukir kullum yana hanya da motar kaya. Ni kaɗai ce da tsoho mai kaifi a hannu. Ka zo, Yaya. Shekara ashirin da ɗoriya sun isa kowane irin fushi ya huce.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Kasminah

Banjarmasin, ƙarshen Rajab

Zuwa ga Kasminah,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta, na kuma fahimta. Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Zuwana ba zai yiwu ba a halin yanzu. Aikin tantance katako a tashar jirgin ruwa ya yi yawa gabanin azumi, kuma babu wanda zai riƙe mini.

A ganina matsalar ba pasah ba ce, rashin katako ne. Na sa an loda guntayen katako masu taushi a jirgin ruwa mai zuwa Semarang, tashar da ke kusa da ku, Sukir ya je ya karɓa. In akwai su a gabansa zai ƙyale ginshiƙi.

Tunda ƙarfen nasa ya kusa ƙarewa, na haɗa da pasah uku daga cikin waɗanda nake tarawa a kabad. Dogon na wani kafinta ne ɗan Madura. Gajeren na wani Basine ne a Pontianak. Waɗannan biyu zai iya aiki da su. Na ukun, mai siffar kada, na wani tsohon maƙerin jiragen ruwa ne Babugise, kuma na daɗe ina bin iyalansa kafin su yarda su rabu da shi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na kallo ne kawai, don ya ɗebe masa kewa. Kada ya taɓa katako.

A riƙa shafa musu man kwakwa kaɗan, kuma a kwantar da su ta gefe, ba a kan baki ba. Aro ne.

Wassalam.

Harjito

Jepara, farkon Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ce ka zo, ka aiko mini da kada. To, na gode.

Kaya sun iso, kuma dabararka ta yi, ba zan hana ka ladanka ba. Ginshiƙi ya tsira. Da na jera masa pasah ɗin a kan benci, sai ya wanke hannu tukuna, kamar mai shirin cin abinci. Ya ɗauki dogon, ya rufe ido ɗaya ya leƙa cikinsa, ya ce, "Wannan mai saurin fushi ne, dubi yadda ya wage masa baki." Ya ɗauki gajeren ya ce, "Wannan kuwa mai haƙuri, amma matarsa ta fi shi tsawo." Sukir ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi.

Da ya zo kan kadanka sai ya ɗauke shi da hannu biyu. Ya juya shi, ya juya shi, ya ce, "Wa ya bar wannan da yunwa haka?" Na ce, "Baba, wannan na kallo ne." Ya ce, "Hajiya, kin taɓa ganin an sayi saniya don kallo?"

Yanzu ka zauna, ka sha ruwa. Na tafi kasuwa sayen kifi, na ɗora kadan can saman kabad. Ban san har yanzu yana iya hawa kujera ba. Kafin na dawo ya goge cikinsa, wai ya karkace, ya wasa ƙarfen, ya kuma yanke wutsiyar, wai tana sukar tafin hannu. Na ajiye maka ita a gwangwanin shayi.

Amma Yaya, da ka ga sassaƙen da yake fitowa. Ɗaya ya fi zanina tsawo, bai tsinke ba. Ranar Baba ya cinye shinkafarsa da miyar kifi, ya nemi ƙari, ya yi barcin rana.

Ka yi haƙuri. Ka gaida Yaya Salasiah.

Kasminah

Banjarmasin, Sha'aban

Kasminah,

Salam. Na ga saƙonki.

Ban ga abin dariya a ciki ba. Abu ɗaya na roƙa. Wannan pasah ya girmi Baba, ya tsallake yaƙi da ambaliya da wutsiyarsa, sai a gidanmu ya rasa ta cikin sa'ar sayen kifi.

Kina ƙarama lokacin, don haka bari na faɗa miki abin da ba ki sani ba. Ranar da injin gogar katako ya cinye mini yatsu huɗu na dama, Baba ya zo asibiti. Ya ɗaga bandejin ya duba, kamar yadda kika ce yana leƙa cikin pasah, ya ce shago ba wurin mai hannu ɗaya ba ne, in nemi aikin biro. Na nema, na samu, da hagu nake rubuta miki wannan. Ba fushi nake ba. Umarni aka ba ni, na bi.

Kin sha tambayata me zan yi da pasah cike da kabad alhali ba na iya tura ko ɗaya. Ba sai na yi komai da su ba. Nawa ne, kuma a wurina ba wanda yake yanke musu wani abu don sun soki hannunsa.

Ki ba Sukir kadan da wutsiyar ya sa a jirgi na gaba. Sauran biyun su zauna. Katako zai ci gaba da zuwa.

Wassalam.

Harjito

Jepara, ƙarshen Sha'aban

Yaya Harjito,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na karanta wasiƙarka, na sake karantawa. Ban san abin da ya faɗa maka ba, Inna ba ta taɓa gaya mini ba. Ba zan kare shi ba. Baba mutum ne mai kaushin baki, ni ma na ɗanɗana rabona, kuma ni ce har yau nake wanke masa zani.

Kadanka yana hanya. Da ƙyar na raba shi da shi, sai da na ce mai shi ya aiko. Ya ce, "To, a gaya masa ya riƙa ciyar da shi."

Ga abin da ya biyo baya, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ya daina goge katakon da kake aikowa. Ya sa Sukir ya sauko masa da wani guntun itacen sawo da ya daɗe a rufin shago, ya kuma aike shi wurin maƙeri da tsohon sifirin mota a bugo masa ƙarfe. Pasah yake sassaƙawa. Amma wani iri ne. Mariƙin gefe ɗaya ne kawai, na hagu. A dama kuwa ya fafe wani gurbi kamar cokali.

Na ce, "Baba, wannan na wane ne?"

Ya ce, "Na yaron nan."

Na ce, "Wane yaro?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ruwan sama. Ya ce, "Mai hannun nan. Ya ce zai dawo a auna, bai dawo ba. Ba a fafe gurbi da ka, Hajiya. Sai an ga dungun."

Na ce ko Harjito yake nufi. Ya ce bai san wani Harjito ba.

Tun ranar aikin ya tsaya. Da safe yana zama a bakin shago da abin a cinya, duk wanda ya wuce sai ya kalli hannunsa. Mai tallan tempe, wainar waken soya, ya daina biyowa ta layinmu. Ya koma cin loma biyu, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, a lallaɓa.

Ban ce yana nadama ba. Ban san abin da ke cikin kansa ba, shi ma ina jin bai sani ba. Kuma ba zan sake cewa ka zo ba, na faɗa sau ɗaya.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ƙanwarka,
Kasminah

Banjarmasin, farkon azumi

Ƙanwata Kasminah,

Assalamu alaikum, ya ibada, ya jikin Baba? Ni ce Salasiah. Yayanki bai san na rubuto ba.

Kadan ya iso. Yayanki ya kwance shi, ya daɗe yana shafa inda aka yanke. Sai ga shi ya ɗauko guntun katako ya danne da gwiwa, yana ƙoƙarin turawa da hagu. Abin ya kuɓuce ya fasa mini tukunyar fure. Na ce, "Baban Rini, lafiya?" Ya ce yana duba ɓarnar da aka yi masa ne.

Wasiƙarki ta ƙarshe kuwa ya karanta, ya ninke ya ajiye. Jiya ya ce zai je Semarang duba wani katako. Tun da na aure shi ba a taɓa tura shi Semarang ba, kuma mai duba katako ba ya tafiya da rigar Sallah. Ki gyara masa ɗaki, amma in ya iso ki yi kamar kin yi mamaki. Kin san halinsa.

Taki,
Salasiah

Jepara, tsakiyar azumi

Salasiah,

Salam. Na iso lafiya. Ki gaida yara.

Baba bai gane ni ba. Ya karɓi hannuna, ya auna, ya ce na bar shi yana ta jira. Shekaranjiya ya gama pasah ɗin. Ya tsaya a kaina na tura, ya ce na tsufa da koyo kuma ina da gaggawa, amma zai gwada ni zuwa bayan Sallah, in ya ga da hali zai riƙe ni.

Ki kai takardar neman hutu da ke cikin wannan ambulan ofis. Ki aiko mini da tsofaffin riguna, waɗanda ba a jin tsoron ɓatawa. Da hantsi ake buɗe shago, kuma ba ya son a makara.

Mijinki,
Harjito