Fure na Goma Sha Ɗaya

Torino, 3 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙugun bayan tiyata? Yaya Kaka Veta? Ni lafiya lau, siminti ne kawai ya tsattsaga mini hannu.

Kaka ta ce alkafurar da kika fara tun kina shekara shida ce ta cinye ƙashin. Wai kin hana a gaya mini, kin ce, "Ƙyale shi, ai ya riga ya binne ni."

Ba kuskure na yi ba, Mama. Ranar da aka karrama ki kan shekara ashirin kina horar da 'yan mata a wasan alkafura, da gangan na miƙa miki fure goma a gaban jama'a, alhali na san a al'adarmu furannin da adadinsu ya rabu biyu daidai na kabari ne. Haushi nake ji. 'Ya'yan mutane kike cafewa kafin su faɗo, ni kuwa a jaridun da ke ɗauke da hotonki na koya wa kaina karatu. Amma kika karɓa, kika ce, "Na gode, ɗana." Maganar nan ta ƙi sakina.

Ga fure ɗaya cikin takardar nan, su zama sha ɗaya. Kin yarda in zo bikin Ista?

Allah ya ba ki lafiya.

Ɗanki,
Traian