Hannuwan Baban Auta

Lahadi, 3 ga Maris
Fasto ya sake wa'azi kan dawowar Almasihu. A ranar, in ji shi, makafi za su gani, kunnuwan kurame su buɗe. Baban Auta ya miƙe yana amin har da hawaye. Ita kuwa Auta tana gefena tana kallon fanka. Ba ta san da ita ake ba.

Asabar, 9 ga Maris
Ajin iyaye a makarantar kurame. Yau ma ni kaɗai. Na roƙi Baban Auta har bakina ya bushe. Wai koyon maganar hannu daidai yake da ce wa Ubangiji ba yanzu zai zo ba. "Saura kaɗan, Maman Auta. Da kunnenta za ta ji na kira sunanta."
Tun tana goye nake jin saura kaɗan ɗin nan. Yanzu ta kamo kafaɗata.

Alhamis, 14 ga Maris
Ta zo ta ɗaya a gasar gudu. Ta faɗo shagonsa tana haki, hannuwa na ta zuba labari. Shi yana riƙe da rediyon wani da yake gyara, sai murmushi da gyaɗa kai. Ta tsaya, ta waiwayo ni. Na fassara, amma daɗin ya riga ya huce. Na zama tafinta tsakanin uba da 'yarsa. Kuma yana sonta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Lahadi, 17 ga Maris
Ta daina ba shi labari. Wuce shi take yi kamar kujera.

Juma'a, 22 ga Maris
Muna shanya na daure na bayyana mata wa'azin. Ta tambaye ni da hannu, "Yesu ya iya maganarmu?" Na ce ya iya mana. Ta ce, "To in ya zo, ya fara koya wa Baba."
Yana bakin ƙofa, ya ce me take cewa. Na ce ba komai. Ya zan yi?

Lahadi, 24 ga Maris
Addu'ar safe. Ya ɗaga hannuwa sama, "Ka zo da sauri, ya Ubangiji." Ni ma na gaskata zai zo, Allah ya sani. Amma idona biyu, hannuwan nan nake kallo, manya, lafiyayyu, masu iya ɗaura wayar da ta fi gashi siranta.
Ban ce amin ba. Ina jin tari ne ya sarƙe ni.