Bayanin da Yayana Ya Rubuta a Cikin Na'ura Ƙarya Ne

Anti Assibi, don girman Allah ki taimake ni. Kwana huɗu ke nan wani abu na damuna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ni 'yar Zongo ce a nan Kutonu, na karanci infomatik, wato ilimin kwamfuta. Wata uku da suka wuce yayana, bari in kira shi Munzali, ya samo mini aiki a ƙaramin kamfanin da yake aiki a unguwar Vêdoko, irin waɗanda suka buɗe bayan babban taron ƙasa da ya sauya tsarin mulki. Muna haɗa wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ɗakunan sanyi na masu kifi. Tana auna sanyi, tana buga rahoto a takarda, in ɗaki ya fara ɗumi kuma ta yi ƙara.

Na'urar ba ta iya aiki biyu a lokaci guda, don haka a can zuciyar tsarinta akwai ɓangaren da ke yanke wane aiki zai shiga, wane zai jira. Yaya ne ya rubuta shi shi kaɗai. Patron, wato mai kamfanin, ya ce in bi shi layi-layi in rubuta bayani a gefen kowane umarni, don wanda zai zo bayanmu ya gane. Irin wannan bayani na'ura ba ta karanta shi, don mutane ake yi.

Anti, a gefen layin da ya fi kowanne muhimmanci Yaya ya riga ya rubuta nasa bayanin, cewa ƙararrawa ce gaba da kowane aiki. Sau biyar na karanta umarnin, na kuma gwada da hannuna. Wallahi ba haka ba ne! In na'urar tana buga rahoto, ƙararrawa jira take. In takarda ta maƙale kuwa, ba za ta taɓa yin ƙara ba.

Nan gabana ya faɗi. Bara kifi cike da ɗaki ya lalace a wurin wani da ya sayi na'urarmu, aka ce mai gadi, Baba Dramane, ya bar bakin aikinsa, aka kore shi. Layin gidanmu ɗaya da shi. Ya yi ta rantsuwa cewa babu abin da ya yi ƙara, har mu a gida muka ce tsufa ne ya toshe masa kunne. Yanzu dilar gwanjo yake ɗauka a kasuwar Missèbo, da furfurarsa.

Na nuna wa Yaya, ina zaton zai firgita kamar ni. Ko gezau. Ya ce ya gano tun mako biyu bayan korar. Sauran bayanan ma da gangan ya dunƙule su, don kada patron ya iya rabuwa da shi. Ya ce in kwafi nasa in gyara Faransancin kawai, shi zai gyara kuskuren a ɓoye in ya sami sarari. Shekara guda bai sami sarari ba, ga na'urori goma sha ɗaya a ɗakunan mutane! Mutumin da ya tsaya har mahaifinmu ya yarda na shiga jami'a, yau ina kallonsa kamar ban san shi ba. Ranar Litinin patron ke jiran aikin. In na rubuta gaskiya na tona yayana. In na kwafi nasa, da wane ido zan gaida Baba Dramane?

Ƙanwa Mai Kaɗuwa, Zongo

Ƙanwata,

Ni ma sai da na ajiye wasiƙarki na yi salati. Ban san kwamfuta ba, amma na san abin da ake nufi da sa hannu a kan ƙarya. Kada ki kwafa. Yau kuskuren na yayanki ne; ranar da kika maimaita bayaninsa kina sane, ya zama naku ku biyu.

Amma ki raba abu biyu. Kuskuren farko kowane ma'aikaci na iya yinsa, kuma tsoron kora ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci. Shirun shekara guda shi ne laifin, shi ne kuma har yanzu yana da ikon gyarawa. Kada ki wuce shi ki tafi wurin patron. Ki same shi yau, ba gobe ba, ku biyu kawai, cikin ladabi. Ki ce masa: Yaya, ranar Litinin zan rubuta abin da layin yake yi, ba abin da ya kamata ya yi ba, na fi so patron ya ji daga bakinka. Wanda ya kawo kuskurensa tare da gyaransa ya fi wanda aka kama daraja, ko da an yi masa faɗa.

In ya ƙi, ki rubuta bayaninki gajere, a fili, ba zargi ba suna: wane aiki ke shiga, wane ke jira, me ke faruwa in takarda ta maƙale. Ki nemi a sanar da masu ɗakunan nan goma sha ɗaya nan take.

Sai Baba Dramane. Gyaran na'ura ba zai wanke shi ba. Dole wani ya je wurin tsohon maigidansa ya ce dattijon nan gaskiya ya faɗa, kuma yayanki ya fi dacewa ya je. Ki raka shi in ƙafarsa ta yi nauyi.

Zai yi fushi da ke, wataƙila ya daɗe. Ki jure, ki ci gaba da gaishe shi kowace safiya. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kuma tausasa tasa kafin Litinin.

Anti Assibi