Kunun Tsiron Jar Dawa

Tawa, daren Alhamis

Inna ta sha kunu yau! Har yanzu murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba ta cin abin kirki. Kullum maganarta kunun zaƙin da kakata take damawa a Kalfu, wanda ba a sa masa sukari. Ban san irin tsiron da take zubawa ba, Inna ma ta manta. Sai na jiƙa gero daban, masara daban, jar dawa daban, na lulluɓe da buhu har suka tsira, na shanya, na daka. Jiya na dama kaɗan-kaɗan, suka kwana, yau na tace.

Na geron ta kurɓa ta ture. Na masarar ta ce salam yake. Saura ɗaya kawai.

Ta kai na jar dawar baki, ta sake kurɓa.

"Ɗiyata, wanga shi ne. Har ƙamshin ɗakin uwata na ji."

Ta shanye tas, ta miƙo mini kwanon. "Da saura?"

Babu saura, wayyo ni! Amma kafin magariba na jiƙa tiya guda ta jar dawa.