Abin da Likitan Inna Ya Ce

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Jiya sakamakon hoton hantar Inna ya fito. Likitan ba ya jin Hausa. Ya ɗaga hoton a jikin fitila, ya cire tabarau, ya ce "bad". Sauran maganarsa ta wuce ni, wannan kaɗai na riƙe. Inna ta ja gefen mayafina tana tambayar me ya ce, na ce mata magani zai canza.

Kai ne malamin Turanci, ka gaya mini abin da zan faɗa mata. Wata huɗu ke nan ina kwana a kujerar roba. Wallahi na gaji.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da yi miki sannu da jinya.

Kalmar nan ba ta kai nauyin da kika ɗora mata ba. Shekara ashirin ina koyar da ita. Madara ta lalace, ita ake faɗa. Hanya ta yi ramuka, ita ce. Haƙori na ciwo ma ita. Akwai matakan muni biyu a samanta, kuma likita bai taka ko ɗaya ba. Ki ce wa Inna da sauƙi. Zan zo in an gama jarrabawa.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta darasinka, Allah ya ƙara basira.

Ni dai na ga fuskar mutumin, kuma ba madara yake kallo ba. Yanzu cokali uku Inna take sha ta kau da kai. Zobenta ya zame daga yatsa, a cikin bargo na tsince shi.

Na ce mata da sauƙi, yadda ka ce. Ta dube ni ta ce, "Auta, ni fa na haife ki. Daina wahalar da kanki, yayanki zai faɗa mini in ya zo." Tun daga nan ba ta sake tambayata ba, ƙofa kawai take kallo.

Ba ni da ƙarfin yin faɗa da kai. Ka gaida yara.

Auta

Auta,

Sannu. Na san abin da likita yake nufi tun ranar da na buɗe wasiƙarki ta farko. Tsoro ne ya sa na yi miki darasi.

Na miƙa wa wani malami takardun jarrabawar, ina tafe Laraba. Ki ce wa Inna ta jira ni, da bakina zan faɗa mata.

Ki yafe mini.

Yayanki