Sittin da Tara

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Yaya zaman ritaya? Inna ta ce har yanzu ƙarfe bakwai kake saka takalmi ka zauna a bakin ƙofa kana hararar yaran da suka makara.

Mu nan lafiya lau, na fara sabawa da aikin asibitin. Maganar jikarka Aku ce ta sa na ɗauki biro.

Baba, makarantar ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Mu shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kowa ya zana jarrabawa ɗaya. Su nan daga aji biyar ake raba yara hanya uku. Ta farko ita ke kai wa jami'a, ta biyu aikin ofis, ta uku koyon sana'a. Ba a yin jarrabawa. Wani kwamiti ne ke zama ya duba sakamakon yaro da abin da malaminsa ya rubuta a kansa, shi ke nan. Wanda aka sa a hanya ta uku da wuya ya hau ta farko.

Na kai musu katin sakamakon Aku na aji biyar, wanda ka cike da hannunka a shekararka ta ƙarshe. Lissafi sittin da tara, sauran duk sittin da wani abu. A ƙasa ka rubuta: "Surutu ya yi yawa. Ta ƙara himma." Yaran ƙasar nan kuwa casa'in suke ci kamar ruwa. Shugabar kwamitin ta dube ni da tausayi ta ce kada in damu, sana'a ma abin alfahari ce. Na ce mata yarinyar nan ita ta zo ta ɗaya cikin yara hamsin da huɗu. Ta ce su ba sa jera yara ta ɗaya ta biyu, maki suke gani.

An ba mu mako shida mu ɗaukaka ƙara, kuma sai da wasiƙar malaminta na ƙarshe. Don Allah ka rubuta musu cewa haziƙa ce, ba ka taɓa ganin irinta ba. Su nan haka malamai ke rubutawa.

Ka gaishe da Inna. Na gode.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso ranar Talata. Ƙafa da sauƙi. Ba hararar yara nake yi ba, ƙirga su nake yi.

Na karanta bayaninki sau biyu kuma ban ji daɗinsa ba. Wane irin tsari ne zai yanke wa yaro ɗan shekara goma hukuncin rayuwarsa? Na koyar da yaran da sai a aji shida kansu ya buɗe. Ko da yake kowace ƙasa da nata. Can inda yayanki yake, wai ajin sakandare da baya ake ƙirga shi, a fara daga shida a sauko zuwa ɗaya. Da ya rubuto cewa ɗansa ya tashi daga aji biyar zuwa huɗu, har na fara yi masa jaje.

Game da buƙatarki. Shekara talatin da takwas ina riƙe da alli, ban taɓa ba yaro saba'in ba. Haka malaminmu ya yi mana, haka muka yi. Idan ka ba yaro casa'in, me ka bar masa ya nema gobe? Kin san ajin nan na ƙarshe kusa da famfo, mai tagar da ba ta rufuwa. A nan aka yi mutane, ba da tafi ba. Yara huɗu a benci ɗaya, littafi ɗaya tsakanin uku, amma ki tashi kowannensu daga barci zai kawo miki jadawalin sau goma sha biyu.

Ba zan rubuta "ban taɓa ganin irinta ba". Wannan maganar 'yan talla ce. Ga dai wasiƙar na haɗo, kuma duk abin da ke ciki gaskiya ne.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce wa Aku ta rage baki.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na samu wasiƙar, kuma ban kai musu ba. Bari in maimaita maka abin da ka rubuta, ko za ka ji yadda yake a kunne: "Na koyar da wannan yarinya shekara guda. Ba ta makara. Rubutunta yana karantuwa. Tana yawan tambaya." Baba, wannan ai ko mai gadin makaranta ya fi haka yabo.

Ka yi haƙuri, yau zan faɗi abin da ke raina. Shekara shida ina zuwa ta ɗaya a makarantarka. Duk ƙarshen zango in rugo ofis da katina, in same ka bayan teburin nan mai ƙaramar ƙararrawa da tulin rajista. Ka sa tabarau, ka bi da yatsa, ka tsaya a kan mafi ƙanƙanta ka ce, "Nan me ya faru?" Ban taɓa jin "sannu" ba. Na saba, har na ɗauka haka uba yake. Ni na jure don a gida nake, kowa a garin ya san ma'anar sittin ɗin Hedimasta. Nan ba wanda ya san ka.

Kuma kada ka ɗauka na raina makarantarmu. Wallahi kewarta nake. Makarantar Aku akwai kafet, akwai na'urar ɗumama ɗaki, kowane yaro da teburinsa, yaro ya ɗaura igiyar takalmi a ce masa gwarzo. Amma ranar da na raka ta na ji ƙanshin sabon littafi, sai da na tsaya a baranda na share ido. Na tuna ranar Juma'a da muke wanke allo da tsumma, da yadda muke rera jadawali har masu wucewa a hanya su kama mana.

Kafin a yanke hukunci sun ajiye ta a ajin hanya ta uku. Lissafin da suke yi tun aji uku ta gama shi. Ka ce ta rage baki. Ta rage. Malamarta ta ce yarinya ce mai shiru sosai. Aku fa, Baba! Jiya na tambaye ta me aka koya, ta ce ba komai, ta juya fuska bango. Likitan dabbobi take son zama tun tana shekara shida, kai ka sani, kai ta dama da tambayar me ya sa akuya ba ta da haƙoran sama.

Saura kwana goma sha tara. Ban ce ka yi ƙarya ba.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Innarki ta sa na karanta mata wasiƙarki, daga nan kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai "ga abinci".

Kin ce ba wanda ya san ni a can. Wannan gaskiya ne, kuma ban yi tunaninsa ba. Maki ba ya tafiya da mai shi.

Na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Littattafan da nake rubuta makin yara ne a ciki tun shekarar da na fara aiki, guda talatin da takwas, gara ta taɓa biyu. Kwana huɗu na yi a kansu, ina kira Innarki tana yin alama a takarda. Na ga sunayen da na manta, na ga na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wani wurin sai in tsaya, don ina ganin yaron a bencinsa, har da yagaggen aljihun rigarsa. Innarki ta ce idan kuka zan yi in matsa daga kan takardun.

Ga abin da muka samu, kuma shi na rubuta wa kwamitin, na kai sabon hedimasta ya buga hatimi. Yara dubu ɗaya da ɗari tara da sha ɗaya suka bi ta hannuna a lissafin aji biyar. Matsakaicin makinsu arba'in da ɗaya. Waɗanda suka kai sittin ba su cika saba'in ba. Waɗanda suka samu sittin da tara su uku ne. Na haɗa da hoton shafukan don kada su ce tsoho ne ke yabon jikarsa. Na kuma rubuta cewa yawan tambayar da na yi ƙorafi a kai, sau biyu ta tura ni gida na buɗe littafi.

Cikin ukun, na farko yanzu gadoji yake ginawa. Ta uku Aku ce. Ta biyu kuwa, ki duba shafi na sha bakwai, layi na huɗu, kafin ki miƙa musu. Ranar da na rubuta wannan makin na rufe ofis na yi raka'a biyu. Da kika shigo da katin ban san yadda ake faɗa ba, sai na nemi inda kika gaza. Ba a koya mana ba a kwalejin horon malamai.

Sannu, Auta. Wannan sannun ta makara shekara ashirin da shida, ni da ba na son makara.

Babanki

*

Kaka Hedimasta,

Ina kwana. Ni ce Aku. Mama ta ce in rubuta da kaina.

Sun mayar da ni hanya ta farko ranar Litinin. Matar kwamitin ta tambayi Mama wai da gaske akwai malami irinka, Mama ta ce guda ɗaya ne kuma ya isa. Mama ta karanta wasiƙarka sau uku, sannan ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta daɗe.

An yi mana gwajin lissafi. Malama ta ba ni casa'in da takwas, ta zana tauraro. Amma ni na ga kuskure biyu da ba ta gani ba, kuma a lamba ta bakwai ban nuna aiki ba. Na sa takardar a cikin ambulan ɗin nan. Ka duba min ita da gaske, ka faɗa min nawa na ci.

Ka gaishe da Inna.

Jikarka,
Aku