Kafin Ka Ajiye Aikinka Ka Taho Yanbu

Zuwa ga ƙanena Bashari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maryama da yara.

Saƙonka ya iso ta hannun mai umarar da ka ba. Ka ce wani kamfani a Yanbu, nan Saudiyya, ya kira ka, albashin babu haraji, kana so in gaya maka kafin ƙarshen wata ko ka ajiye aikin jami'a ka taho. A waya ba zan iya ba, katin zai ƙare ban kai inda nake so ba. Na kuma san za ka karanta wa abokan aikinka masu irin wannan shawara, to su ma su saurara.

Zan fara da abin da ban gaya wa kowa a gida ba. Ranar Asabar da ta wuce maigidana, Baban Anas, ya dawo kafin azahar, farar rigarsa ta aiki a cikin leda. An sayar da ƙaramin asibitin da yake ba da magani a ciki tun zuwanmu, sabon mai wurin kuma ya ce ba ya bukatarsa. Iƙamata, wato takardar izinin zama, da ta yara duk a kan tasa suke, tana ƙarewa bayan Hajji. Jarrabawar Anas ta gama sakandare kuwa sai bayan nan.

Wani kantin magani a unguwar Bani Harisa ya yarda zai ɗauke shi, amma sai kafilinsa, wato mai asibitin da zamanmu ke ƙarƙashin sunansa, ya sa hannu ya sake shi. Kullum da safe yana zuwa ya zauna a bakin ofis, kullum a ce masa, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe. Idan an sa hannu mun zauna. Idan an ƙi, fita ce ba dawowa. Yanzu ko wayar gida ta yi ƙara sai in ruga in ɗauka.

Kana ƙarami lokacin da muka taho, amma za ka tuna shekarun: naira na ta faɗuwa, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Baban Anas ya zauna gaban Baba yana bayani cewa a nan abin da aka yi maka alkawari shi ake miƙa maka, ba a cire ko sisi. Baba ya ce, "To in kun tsufa, wa zai riƙe ku a can?" Muka ce ai shekara biyu ce ko uku.

Ba zan yi butulci ba, Bashari. Maganar haraji gaskiya ce. Da kuɗin nan Baba da Inna suka sauke farali, da shi aka sake rufin gida, da shi ka yi karatunka. Na yi sallah a Masallacin Annabi har na daina ƙirgawa. Wannan ba shi da farashi.

Amma abin da haraji bai ɗauka ba, wasu sun ɗauka. Tun ɗakinmu na farko a unguwar Harra ta Gabas har yau haya muke biya, domin baƙo ba ya mallakar gida a Madina. Sabunta iƙama kuɗi, bizar fita da dawowa kuɗi, tikitin yara kuɗi. A gida kuwa duk wanda ya ji kana karɓar riyal ya daina jin cewa kana iya rasawa. Gidan da muke ginawa a Kano har yanzu ba a ɗora masa rufi ba. Baban Anas ya bar aikin gwamnati da fanshonsa ya taho. Abokan karatunsa yau suna gab da ritaya cikin gidajensu, shi kuma yana zaune a benci yana jiran sa hannun yaron da a haife ya haife shi.

Kun yi fushi da ni da ban zo rasuwar Inna ba, na sani. Kai ne ka kira ni tana kwance, ka ce tana ta tambayata. Bizar fitata sai da izinin mudir, wato shugaban asibitin, da fasfon Baban Anas da ke cikin durowarsa, mudir ɗin kuma ya yi tafiya da makulli. Ya dawo bayan an yi sadakar uku.

Sai Anas. A nan ya yi wayo, in na yi masa Hausa da Larabci yake amsawa. Jami'ar nan da wuya ta ɗauke shi, ta gida kuma Turancinsa bai kai ba. Maƙwabciyarmu Hajja Amna, wadda kakanta ya zo daga Katsina a ƙafa, ita 'yar ƙasa ce yanzu, ta taɓa ce mini, "Ya Ummu Anas, yaron nan namu ne." Namu ne a bakinta, ba a takarda ba.

To ga amsata. Ba na ce kada ka zo ba. In za ka zo, ka nemi hutun aiki, kada ka rubuta ajiyewa. Kada ka sayar da filinka don kuɗin hanya. Ka tsayar da shekarar komawarka tun kafin ka hau jirgi, ka gaya wa Maryama ta riƙe ka da ita. In jami'a ta hana ka hutu, ɗan'uwana, ka zauna. Gara a cire maka haraji a inda ba mai ce maka ka tattara.

Ina da roƙo. Ka tambaya mana makarantar da za ta karɓi yaro mai takardun Larabci. Kuma ka nema mana ɗaki biyu na haya kusa da ku, a asirce, kada Baba ya ji tukuna. Ni zan gaya masa da bakina.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya sassauta zuciyar wanda al'amarinmu ke hannunsa. Gobe da safe Baban Anas zai sake komawa ofishin. Ku sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Yaya Rakiya
Madina